Surukuta a Kantin Magani

"Ba zan sa hannu ba."

Hajiya Gaji ta faɗi maganar ne ba tare da ta ɗago daga kwalayen maganin da take jerawa ba, kamar mai cewa yau da alamar hadari.

Zuhra tana durƙushe a gefen tebur, kanta a ƙasa, gefen farar rigar aikinta yana shafar siminti. Ta ji maganar sarai, amma sai da ta sake juya ta a ranta kafin ta yarda cewa da ita ake.

Saura wata guda ta cika shekarar horonta. Dokar aikinsu kuwa ba ta da sassauci. Duk wanda ya gama karatun harhaɗa magunguna, ko da shi ya fi kowa ƙoƙari a jami'a, ba a ba shi cikakken lasisi sai ya yi shekara cur yana aiki a ƙarƙashin gogaggen mai lasisi, a wurin da hukuma ta amince da shi. Sai babban nan ya sa hannu ya shaida cewa an iya aiki, sannan a je a zauna jarrabawar hukuma. In babu wannan sa hannun, digiri ya zama hoton bango.

Zuhra ta fi shekara tana yawon neman gurbi a manyan asibitocin Kano, ana ce mata ta dawo wani watan, har takalminta ya san hanya. A duk tsakanin Gaya da Ajingi kuwa, kanti ɗaya ne tak aka amince ya horar da ɗalibi, shi ne na Hajiya Gaji, wadda ta yi shekara talatin a asibitin gwamnati kafin ta yi ritaya ta buɗe nata.

Matsalar ita ce, Hajiya Gaji ita ta haifi Muhyiddeen. Muhyiddeen kuwa, malamin gonan nan na ƙaramar hukumar Ajingi, shi ne wanda Zuhra ta ba wa zuciyarta tun tana aji uku a jami'a.

Ranar da Hajiya ta karɓe ta, sharaɗi ɗaya ta kafa. "Ni ba na haɗa aiki da surukuta. In kin shigo kantin nan, yaron nan ba zai ƙara taka ƙofar gidanku da sunan zance ba sai kin gama. Ba zan sa wa budurwar ɗana hannu a ce na yi son kai ba."

Suka amince, suka kuma cika alkawari. Yanzu ga abin da haƙurin ya haifar.

"Hajiya, ko akwai laifin da na yi?" Zuhra ta tambaya, muryarta can ƙasa kamar mai tsoron tada barci.

"Ba ki taɓa makara ba," in ji Hajiya. "Ba ki taɓa ba da ƙwaya ɗaya a kan kuskure ba. Kin fi duk waɗanda na horar sanin littafi. Amma sau nawa na ce ki riƙa miƙewa tsaye in za ki yi min magana? Sau nawa na ce in kin ga abu ki faɗa?"

Zuhra ta ƙara sunkuyar da kai. "To, Hajiya."

Hajiya ta ajiye kwalin da ke hannunta, ta daɗe tana kallon tsakiyar kan yarinyar. "To," ta maimaita, ta yi ajiyar zuciya. "Tashi ki tafi gida, kada ki rasa mota."

Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne, tun ranar farko Inna Kulu, mahaifiyar Zuhra, ta zaunar da 'yarta ta karanta mata darasi. Uwar miji in ta ce ki saki jikinki, gwada ki take yi. In ta ce ki ci abinci a gabanta, ki ce kin ƙoshi. In ta ce ki ɗago kai, ki ƙara sunkuyarwa. In ta ce baƙi fari ne, ki ce fari ne tas. Zuhra ta riƙe wannan karatu fiye da yadda ta riƙe sunayen magunguna. Shi ya sa duk lokacin da Hajiya ta ce ta miƙe, sai ta ji a ranta cewa ga jarrabawar Inna ta zo, ta ƙara gyara durƙuso.

A cikin adaidaita sahu zuwa Ajingi ta yi kukanta, ta rufe fuska da mayafi. Da ta hau babur zuwa ƙauyensu Toranke iska ta busar da hawayen, amma idanun sun riga sun tona mata asiri.

Mahaifinta, Malam Usaini, wanda take kira Baffa, yana zaune a zaure yana gyaran igiyar shanun huɗa lokacin da ta gaya masa. Wannan mutum shi ya riƙa sayar da gyaɗarsa tun ba ta yi tsada ba don kada a kore ta daga makaranta. Ranar da aka rantsar da su a Kano bayan kammala jami'a ya yanka rago, ya tara 'yan'uwa, ya ce 'yarsa ta gama. Da ta yi masa bayanin cewa da sauran shekarar horo, dariya kawai ya yi, ya ce ashe boko ma kamar noman rogo yake, sai an jira.

Yau bai yi dariya ba.

"Zuhra, ni ban taɓa yi miki dole ba, kuma ba yau zan fara ba," in ji shi. "Amma ki duba min. Ƙanwarki an kawo kayan sa ranarta tun bara, na ce su jira ki. Mutane sun fara magana. Matar nan in da tana son ki da ɗanta, da ba ta yi miki haka ba. Wanda ya hana ki takarda, shi zai ba ki ɗansa?"

"Baffa, a ƙara min haƙuri."

"Haƙurin nake yi. Amma kafin a gama shigar da amfanin gona, ki fito min da wanda iyayensa za su iya zuwa su zauna a tabarmar nan. Ga Badaru can, tun yaushe yake aiko da manyansa."

Kamar an kira shi, bayan la'asar sai ga motar Badaru ta tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Badaru ba mugun mutum ba ne a ido, kuma bakinsa ya iya zuba. Yana da kemis uku, ɗaya a Ajingi, biyu a Gaya, ga kuma katafaren shago da ya gina a bakin titi, an shafa masa fenti kore, amma har yau a rufe yake. Kowa ya san dalili. Ba a buɗe babban kantin magani sai da lasisin wanda ya karanci aikin rataye a bango, shi kuwa Badaru daga sakandare ya shiga kasuwa.

"Ranki ya daɗe, likita," in ji shi, yana gyara zaman hularsa. "Labari ya iske ni. Wallahi na ji haushi. A ce mace kamarki tsohuwa ta riƙa wasa da ita?"

"Ba wasa take yi da ni ba."

"To me ake kiransa? Bari ki ji, wannan ba abin kuka ba ne. Ina da mutum a Kano, mai lasisi ne, wurinsa ma an amince da shi. Waya ɗaya zan yi. Zai rubuta cewa a wurinsa kika yi shekararki, ya sa hannu ya buga hatimi, ba sai kin taka ƙafarki can ba. Ki ci jarrabawarki, ki yi bautar ƙasarki, ki dawo ki tarar da shagonki yana jiranki. Ba ma sai kin zauna a ciki ba. Takardar kawai za a rataye, ke kina gida kina hutawa."

Zuhra ta dube shi. Abin mamaki, Badaru tana iya kallonsa ido cikin ido ba tare da gabanta ya faɗi ba.

"To wa zai riƙa ba mutane maganin?"

Ya yi dariya. "Yarana mana. Ai sun iya."

Ba ta ce masa e ba. Amma gaskiyar magana, ba ta ce masa a'a ba. Ta ce zai ji daga gare ta, ta shige gida zuciyarta tana yi mata nauyi. Ta san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta kuma san shekarun da Baffa ya yi yana jira.

Ta zagaya bayan rumbu, inda ba mai jin ta, ta kira Muhyiddeen. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Na ji," in ji shi, tun kafin ta yi sallama ta ƙare. "Na tambayi Hajiya dalili, ta ce ba ta tattauna ɗalibinta da malamin gona."

Duk da kukan da ke cin ta, sai da Zuhra ta yi murmushi. "Ba ta so na, Muhyiddeen. Na yi duk abin da ake yi. Ban taɓa cin ko loma a gabanta ba. Ban taɓa musa mata ba. Gwiwoyina har sun yi kanta. Me kuma take so in yi?"

"Ban sani ba, Zuhra. Da na sani da na gaya miki."

Ta ba shi labarin Baffa, ta ba shi na Badaru, ba ta rage komai ba. 

"Ki saurare ni da kyau," in ji shi daga baya, muryarsa ta canza. "Ni ba zan ce ki jira ni har abada ba, don ba ni da wannan hakkin. Amma don Allah kada ki karɓi takardar ƙarya. Na san ki. Duk ranar da kika ɗaga kai kika gan ta a bango, sai abinci ya fita ranki."

"To in yi yaya? In koma Kano in sake layi? Wata shekarar? Baffa ba zai iya ba."

"In ni ne matsalar, gobe zan je in durƙusa a gaban Hajiya in ce na janye. In ce na haƙura da ke har ga Allah. In ba ni a tsakani, ba ta da dalilin hana ki haƙƙinki."

"Kada ka soma," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Kada ka soma faɗar wannan maganar."

"Kin fi shekara shida kina wahala a kan abin nan. Ni shekara huɗu na yi ina son ki. Shi ya riga ni."

"Ba a haka ake lissafi ba."

"To yaya ake yi? Koya min, ke ce mai auna magani."

Ta ci gaba da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, bai katse ta ba, bai kuma kashe wayar ba.

"Ka ba ni watan nan," ta ce da ƙyar. "Zan ƙarasa kwanakina ko ba za ta sa hannu ba. Ka yi min alkawari ba za ka ce mata komai ba."

"Na yi. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri."

Da ta ajiye wayar ta daɗe a jingine da rumbun. A cikin duk wannan baƙin ciki ta sami kanta tana gode wa Allah da Ya haɗa ta da mutumin da zai iya rabuwa da ita don ita.

Ta koma Gaya, gidan gwaggonta inda take kwana a ranakun aiki, ta ci gaba da zuwa kanti kamar ba abin da ya faru. Hajiya ba ta sake tada maganar ba.

Ranar kasuwa kantin ya cika maƙil. Ana cikin hada-hada sai ga Hanne ta shigo, wata matar manomi daga Balan, tare da uwar mijinta, wata dattijuwa mai kuzari wadda ta riƙe takardar likita kamar ita ce mara lafiyar.

Zuhra ta gane Hanne nan take. Makonni kaɗan da suka wuce ta zo ita kaɗai, ta jira har Hajiya ta shiga salla, sannan ta matso ta raɗa wa Zuhra cewa tana son abin gwajin ciki. A ɗan ɗakin da ke bayan kanti suka duba tare. Da layi biyu suka fito, Hanne ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Shekararta tara da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Ta kama hannun Zuhra ta roƙe ta kada ta gaya wa kowa, don ko mijinta ba za ta sanar wa ba sai abin ya yi ƙwari. Tana tsoron baki, tana kuma jin kunya.

Yau ga ta a bayan uwar mijinta, kanta a ƙasa.

"Ciwon kai ne ya matsa mata," in ji dattijuwar, ta miƙa wa Hajiya takardar. "Na kai ta asibiti da kaina, na shiga da ita har gaban likita. Ya ce jininta ne ya hau."

Hajiya ta gyara tabarau ta karanta. Zuhra tana tsaye a bayanta tana ƙirga ƙwayoyin wani, ta saci kallon takardar, sai hannunta ya tsaya. Maganin hawan jini ne mai kyau, ana ba mutane kullum. Amma yana cikin waɗanda ba a ba mai ciki, don yana lahanta abin da ke cikin.

Hajiya ta yi tambayar da take yi wa kowace mace. "Baiwar Allah, kina da ciki ko kina shayarwa?"

Hanne ta ƙara nutsar da kanta cikin hijabi. 

"Ina fa," dattijuwar ta amsa mata. "Shekara tara muna roƙon Allah. Likitan ma ya tambaya, ni na ba shi amsa."

"Allah Ya kawo masu albarka," in ji Hajiya. Ta ɗauko kwalin, ta rubuta yadda za a sha, ta saka a leda.

Zuhra ta bi ledar da ido. Muryar Inna tana kanta: in ta ce baƙi fari ne, ki ce fari ne tas. Ga mutane cike da kanti. Ga Hajiya ta riga ta duba, ta riga ta ba da. Ga kuma amanar Hanne. Wace yarinya ce mai tarbiyya za ta gyara wa uwar saurayinta aiki a bainar jama'a?

Dattijuwar ta biya, ta ɗauki ledar, ta juya. Hanne ta bi bayanta. Sai da suka kai bakin ƙofa Hanne ta ɗan waiwayo, ta dubi Zuhra sau ɗaya, ta sake sunkuyar da kai.

Wannan sunkuyon Zuhra ta san shi. Shi take yi wata goma sha ɗaya. Yau ne kawai ta gan shi daga waje, ta kuma ga inda zai kai mace.

Ba ta san lokacin da ta zagayo tebur ba. Ta sha gaban dattijuwar, ta ɗora hannu a kan ledar.

"Iya, ki yi haƙuri, ba ni maganin nan tukuna."

"Lafiya?" in ji Hajiya daga bayan tebur. "Ni na duba takardar, ni na ba da."

Zuhra ta juyo. Ba ta durƙusa ba. Ta ɗaga kai ta dubi Hajiya Gaji a tsakiyar ido, karon farko tun da ta san ta.

"A'a, Hajiya. Maganin nan ba zai fita daga kantin nan ba sai na yi magana da mai shan sa, ita kaɗai."

 Wani tsoho da ya zo sayen maganin tari ya manta da tarinsa.

"Ke yarinya, ni ce uwar mijinta," in ji dattijuwar. "Me za ki gaya mata da ba zan ji ba?"

"Ka'idar aikinmu ce, Iya. Ki zauna ga kujera, yanzu za mu fito."

Ta ja hannun Hanne suka shiga ɗakin baya, ta rufe ƙofa.

"Hanne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin yana nan?"

Hanne ta gyaɗa kai, hawaye suna zuba. "Na kasa faɗa a gabanta. Na ce in mun je gida sai in ƙi sha."

"Da ita za ta riƙa ba ki da hannunta, kin sani. Kuma jinin naki yana buƙatar magani, ba a barin sa haka, musamman yanzu. Akwai wanda mai ciki take sha lafiya. Ki yarda in gaya wa likita da Hajiya kawai. Iya kuwa, ke za ki gaya mata ranar da kika ga dama."

Da Hanne ta amince, Zuhra ta kira lambar likitan da ke kan takardar, ta yi masa bayani a taƙaice. Ya yi salati, ya canza maganin, ya ce a turo Hanne awon ciki cikin makon nan. Zuhra ta fito ta rubuta abin da aka yi a bayan takardar, ta miƙa wa Hajiya ba tare da ta furta komai ba.

Hajiya ta karanta. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta mayar da kwalin farko inda ta ɗauko shi, ta ɗauko sabon, ta ce wa dattijuwar likita ya ga wannan zai fi dacewa da jikinta. Suka tafi, tsohuwar tana ta mita a kan yaran zamani marasa kunya.

Har aka tashi Hajiya ba ta ce wa Zuhra uffan ba. Sai da tana rufe ƙofa ta ce, "Gobe da jibi kada ki zo. Ki tafi gida."

Shi ke nan, Zuhra ta ce a ranta. Da lasisin da Muhyiddeen, duk ta zubar da su a rana ɗaya.

Da Inna Kulu ta ji labari sai ta ɗora hannu a ka. "A gaban mutane? Kika ce mata a'a? Zuhra, duk karatun da na yi miki?"

"Inna, ko yanzu aka sake, haka zan yi."

Ta faɗi hakan tana kuka, amma ta san gaskiya ta faɗa. A ranar ta aika wa Badaru cewa ta gode, ya nemi wata takardar ya rataye, tata ba ta haya ba ce. Baffa ya ji, ya dube ta, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Ranar Juma'a da hantsi tana tsakar gida tana tsince wake sai ta ji sallamar mace a ƙofa. Ta san muryar. 

Hajiya Gaji ce, cikin shigar atamfa da babban mayafi, ba farar riga, ba tabarau. Inna ta rikice, ta rasa tabarmar da za ta shimfiɗa, tana ta ba da haƙuri tun baƙuwar ba ta zauna ba. Zuhra kuwa ta miƙe za ta faɗa ɗaki.

"Dawo nan," in ji Hajiya. "Har ƙarshen watan nan ni shugabarki ce a wurin aiki. Ba a gudun shugaba."

Zuhra ta dawo ta rakuɓe a bakin tabarma.

"Hajiya, ki yafe mata," Inna ta fara. "Wallahi ba haka na tarbiyyantar da ita ba. Na gaya mata ko me kika ce ta ce to, ko kin ce ta ɗago kada ta ɗago."

Hajiya ta juyo ta dubi Inna, ta dubi Zuhra, ta sake duban Inna. Sai ta kama haɓa.

"Ashe ke ce. Wata goma sha ɗaya ina faɗa da yarinya, ashe da uwarta nake yi ban sani ba."

Ta yi dariya har da share ido. Zuhra ba ta taɓa jin dariyarta ba sai ranar.

"Kulu, ba ki yi laifi ba. Ni ma haka aka koya min, har yau ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba. Amma kanti ba tsakar gida ba ne. Aikinmu shi ne mu tsaya tsakanin takardar likita da bakin mara lafiya. Wanda ba zai iya ce wa babba a'a ba, in na sa masa hannu na ba shi izinin kashe mutane cikin ladabi. Shi ya sa na ƙi. Shekaranjiya kuwa ni na yi kuskure, na yi wa mace tambayar sirri a gaban uwar mijinta. 'Yarki ta tare ni. Kwana biyun nan da na ce kada ta zo, kunyarta nake ji."

Inna ta yi salati.

Hajiya ta juyo ga Zuhra. "Ranar da kwanakinki suka cika zan sa hannu, da alƙalamina mai kyau. Jarrabawar hukuma kuma ki shirya, ni zan riƙa yi miki tambayoyi, kuma ba na son in ji to."

 Zuhra ta tuna gyaɗar Baffa, ta tuna mutumin da ya ce zai janye don ita, ta tuna Hanne a zaune a ƙasa tana kuka a kan layi biyu. Hawaye kawai suka riƙa zuba a kan hannayenta.

"Na gode, Hajiya. Allah Ya saka da alheri. Allah Ya ji ƙan mahaifa."

"Amin. Wannan maganar aiki ce, ta ƙare." Hajiya ta gyara mayafinta, ta mayar da dubanta ga Inna, muryarta ta yi laushi. "Ta biyun ba tawa ba ce, ta maza ce, ni share hanya kawai na zo yi. Ki gaya wa Malam, in ya ba da izini, washegarin ranar da na sa hannu kawunnan yaron nan za su zo su zauna a tabarmarsa."

Zuhra ba ta san lokacin da ta ja mayafi ta rufe fuska ba, kanta ya yi ƙasa har yana neman taɓa gwiwa.

Inna ta zungure ta da sauri. "Ke, ɗago mana, ba ki ji abin da aka ce ba?"

"Ƙyale ta, Kulu," in ji Hajiya Gaji, tana murmushi. "Nan gida ne, wannan sunkuyon nawa ne, na daɗe ina jiran sa. Amma ranar Litinin ƙarfe takwas, ina son in ga idonta."